Magena Lafiyarta Ƙalau, Me Zai Kai Ni Asibitin Dabbobi?

Tambaya: Likita, ina da mage a shagona na hatsi a Agege, tana kama min ɓeraye. Ba ta taɓa ciwo ba. Dole sai na kai ta asibiti? (Wata mai karatu, Legas)

Amsa: Hajiya, don Allah ki kai ta, ko sau ɗaya a shekara. Mage gwana ce wajen ɓoye ciwo. Kafin ki lura ta daina cin abinci, abin ya yi nisa. Nakan fara da buɗe bakinta: in dasashi ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. Sai in tsefe gashin bayanta in nemi ƙuma, wadda danshin Legas ke sa ta yaɗu. Mai cin ɓera kuwa ba ta rabuwa da tsutsar ciki, a ba ta magani duk wata 3.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon haukan kare. Mage ma tana ɗauka, tana iya sa wa mutum in ta cije shi, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Ana yi wa mage allurar rigakafinsa ta farko tana 'yar wata 3, sannan a sabunta duk shekara. In ta ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti.

Kada ki taɓa ba ta Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.