Amsa ga Almajirina Kan Yara Biyu Masu Suna Ɗaya a Rajistar Gwennap

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na karanta takardarka da rahoton da ka haɗo da ita. Ka ce matar da ta ba mu aiki daga Ostireliya ta Kudu tana neman asalin kakan kakanta, mahaƙin tagulla wanda ya isa garin Moonta a shekarun 1860, kuma abin da zuriyarsa suka riƙe shi ne an haife shi a Gwennap ta ƙasar Konwal, da ke kudu maso yammacin Ingila, a farkon shekarun 1820. Ka duba fihirisar intanet, ka tarar da yara biyu masu wannan suna da aka yi wa baftisma a cocin gundumar, tsakaninsu shekara biyu, ka ɗauki wanda shekarunsa suka fi dacewa da abin da ke rubuce a kan kabarin mutumin, kana tambaya ko ka aika da rahoton. Kada ka aika tukuna. Mai yiwuwa ne zaɓinka ya yi daidai, amma har yanzu ba ka da hujjar da za ta tabbatar da shi, kuma matar nan ba don ƙiyasi ta biya mu ba.

Kuskurenka na farko shi ne ka fara da sunan mutum kafin ka san ƙasar da ya fito. Gwennap gundumar coci ce a karkara, tsakanin Redruth da Truro, amma a lokacin da muke magana ba ƙauyen manoma ba ce da kowa ya san kowa. Ramukan tagullarta, musamman Consolidated da United, suna cikin mafi arziki a duniya a wancan zamani, kuma sun jawo jama'a har yawan mutanen gundumar ya haura dubu 10 a ƙidayar 1841. Wannan jama'a tana warwatse ne a unguwanni da ƙauyuka irin su St Day da Lanner da Carharrack da Cusgarne, kuma saboda yawanta ne aka yanke St Day da Lanner suka zama gundumomi masu cin gashin kansu kafin tsakiyar ƙarnin, kowace da nata littafin. Ga kuma maƙwabta, wato Redruth da Stithians da Kea da Kenwyn da Perranarworthal, waɗanda mahaƙi ke ƙetarawa cikinsu duk lokacin da wani rami ya rufe wani ya buɗe. Mutumin da ya gaya wa jikokinsa a Ostireliya cewa shi ɗan Gwennap ne, yana iya nufin can ya tashi ko can ya yi aiki, alhali sunansa yana littafin Stithians.

Sai kuma maganar sunaye. Baƙo yana jin Konwal sai ya tuna sunayen da ke farawa da Tre da Pol da Pen, waɗanda suka samo asali daga harshen ƙasar, ma'anarsu gidan gona da tafki da kan tudu. Da dukan mutanenmu irin waɗannan sunaye suke ɗauke da su, da aikin ya yi sauƙi. Amma a yammacin Konwal sunayen da suka fi yawa su ne waɗanda aka ɗauko daga sunan uba, kamar Williams da Richards da Thomas, ga shi kuma sunayen yanka ba su wuce 'yan kaɗan ba: John da William da Richard da James ga maza, Mary da Elizabeth da Grace da Jane ga mata. 'Yan'uwa maza uku sukan sa wa 'ya'yansu na fari sunan mahaifinsu, sai ka sami yara uku masu suna ɗaya cikin shekara biyar. Saboda haka samun biyu da ka yi bai ba ni mamaki ba, abin da nake tsoro shi ne akwai na uku da ba ka gani ba.

Game da fihirisar da ka dogara da ita, ba na raina ta. Masu aikin sa kai na Konwal sun kwafe rajistoci masu ɗimbin yawa sun ɗora a intanet kyauta, kuma abin da a da yakan ci mana mako guda yanzu awa ɗaya ya ishe shi. Sai dai fihirisa manuniya ce kawai, tana gaya maka shafin da za ka buɗe. Je ka buɗe shi. Ainihin littattafan suna Kresen Kernow, ma'adanar tarihin Konwal da aka buɗe a Redruth a 2019 a tsohuwar masana'antar giyar garin. Ka yi sa'a da shekarun da kake nema, domin daga 1813, bisa dokar da aka kafa a 1812, littafin baftisma ya zama bugagge mai layuka, kowane bayani da gurbinsa: ranar baftisma, sunan yaro, sunayen uba da uwa, sunan zuriya, mazauni, sana'ar uba, da limamin da ya gudanar. Gurabu biyu da matasa ke tsallakewa, wato mazauni da sana'a, su ne za su fara raba maka yaran nan, domin idan uban ɗaya mahaƙi ne a Carharrack, na ɗayan kuma maƙeri a Cusgarne, ka sami zare biyu da za ka bi daban-daban. Ka kuma duba gefen shafin, domin wani limamin yakan rubuta ranar haihuwa a can idan yaron ya girma kafin a kawo shi. Wannan littafi baftisma yake ƙirgawa, ba haihuwa ba, kuma na sha ganin shafin da aka kawo yara uku 'yan gida ɗaya rana guda, babbansu ya kai shekara shida. Ka ga ke nan lissafin shekarun da ka gina zaɓinka a kansa ba shi da ƙarfin da kake zato, balle shekarun da ke kan kabari, waɗanda masu makoki ne suka faɗa, ba mai su ba.

Kafin ka rufe littafin baftisma, ka nemi na jana'iza. Zan gaya maka dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan. Ina sabon shiga aikin nan, na taɓa haɗa wa wani dattijo salsala ta tsatso biyar, na rubuta masa ita da kyau, ya biya, ya yi godiya. Bayan wata huɗu, ina neman wani abu daban a littafin jana'izar gundumar, sai idona ya faɗa kan sunan yaron da na mai da shi kakan kakansa, an binne shi yana ɗan shekara biyu. Iyayen sun sake haihuwa sun mayar da sunan mamacin ga ƙanensa, kamar yadda aka saba a lokacin, amma ko shi ma ƙanen ba shi ne mutumin da nake nema ba. Na rubuta wa dattijon na mayar masa da kuɗinsa, kuma har yau ina jin nauyin wannan wasiƙa. A gundumar mahaƙa mutuwar yara ta yi yawa ƙwarai, kuma tun 1813 littafin jana'iza yana faɗin shekarun mamaci da mazauninsa, don haka awa biyu a kansa za su iya cire maka ɗaya daga cikin yaran nan gaba ɗaya.

Na ukun da na ce ina tsoro, a wajen mabiya ɗariƙar Methodist zai ɓuya. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar, ya fara zuwa Konwal a 1743, kuma ya yi ta wa'azi a wani kwari mai kama da ƙwarya a cikin wannan gunduma, wanda har yau ake kira Ramin Gwennap ana kuma taruwa a cikinsa. Mahaƙa sun karɓi ɗariƙar hannu bibbiyu, daga baya kuma wani reshe da William O'Bryan ya kafa a 1815 ya bazu a ƙauyukan. Da yawansu sun ci gaba da kai yaransu cocin gunduma, amma wasu a ɗakin ibadarsu aka yi musu baftisma, kuma littafinsu na da'ira ne, wato mai wa'azi ɗaya yana zagaya ƙauyuka da dama da littafi guda, don haka a ƙarƙashin Redruth ko Truro za ka iya samun yaron Gwennap. Tsofaffin littattafan nan an tattara su zuwa Landan wajen 1837, suna ma'adanar ƙasa da ke Kew. Inda ɗan ɗariƙa ba shi da mafaka shi ne aure, domin daga 1754 zuwa 1837 doka ba ta san wani aure ba sai wanda aka ɗaura a cocin Ingila, in ban da na Yahudawa da na 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker. Auren iyayen kowane yaro yana nan a littafin wata gunduma, da sa hannunsu ko alamar gicciye ga wanda bai iya rubutu ba, da sunayen shaidu, waɗanda galibi dangi ne.

Duk da haka, hanyar da ta fi ita ce ka juya aikin, ka taso daga inda ka tabbata zuwa inda ba ka sani ba. Mutumin nan ya kai munzalin aure bayan 1 ga Yuli 1837, ranar da gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma takardar aure ta gwamnati tana ɗauke da sunan uban ango da sana'arsa. Idan a Konwal ya yi aure kafin ya tashi, wannan takarda ɗaya tana iya yanke shari'ar. Daga nan sai ƙidaya. Ta 1841 ka yi hattara da ita, domin an umarci masu ƙirga su rage shekarun duk wanda ya wuce 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, ta yadda ɗan 19 zai fito ɗan 15, kuma ba ta faɗin dangantakar mutanen gida ko garin haihuwa, sai dai ko a cikin lardin aka haifi mutum. Ta 1851 da ta 1861 su ne abokan aikinka, suna ba da shekaru da dangantaka da gundumar haihuwa. Ka bi yaran biyu a cikinsu, kowanne da gidansa. Wanda ka tarar yana nan zaune a 1871, bayan faɗuwar farashin tagulla ta 1866 ta rufe ramuka ta kori dubban mutane zuwa Ostireliya da Amurka da sauran ƙasashen ma'adinai, ba shi ne ya mutu a Moonta ba. Cire wanda ba shi ba, shi ma hujja ce mai ƙarfi kamar samun wanda shi ne.

Akwai wata takarda da nake so ka saba da ita, domin a ganina babu abin da ya kai ta daɗi a aikin Konwal, ita ce yarjejeniyar haya ta rai uku. Mahaƙi yakan karɓi 'yar ƙasa mara amfani daga mai gandu, ya share duwatsu, ya gina ɗaki, ya yi shinge, bisa sharaɗin cewa hayar za ta ɗore har shekara 99 muddin ɗaya daga cikin mutum uku da aka ambata yana raye. Tun da tsawon hayar ya rataya ne a kan tsawon rai, mutum yakan zaɓi ƙananan 'ya'yansa, kuma magatakarda yakan rubuta sunan kowanne da shekarunsa da dangantakarsa da mai haya. Har ma akan sami wasiƙun da ake tambaya ko wane da ya tafi ƙetare yana da rai, saboda gidan uwarsa ya dogara da numfashinsa. Ka haɗa wannan da taswirar ushirin coci, wadda aka zana bayan dokar 1836, mai nuna kowace gona da lambarta, da jadawalin da ke faɗin mai ita da mai nomanta da sunan gonar, sai ka iya tsayawa a daidai inda gidan yake.

Wasiyya ba kasafai talakan mahaƙi ke barinta ba, amma ka duba, domin kawu manomi ko gwauruwa mai ɗan abin hannu sukan lissafa dangi kaf. Wasiyyoyin da aka tabbatar a kotun cocin Konwal kafin 1858 sun tsira, suna Kresen Kernow. Waɗanda aka kai Exeter, inda bishof yake kafin a kafa na Truro a 1876, sun ƙone a harin jiragen Jamus na 1942. Jaridar West Briton, wadda ta fara fita a 1810, takan kawo labarin hatsarin rami da binciken gawa, da sunayen waɗanda abin ya shafa.

Idan Allah ya sa ka haura zuwa ƙarni na 18 da abin da ya gabace shi, za mu zauna mu yi wani darasi, domin can littattafan ba su da layuka, sunan uwa yakan ɓace, kuma kafin 1752 shekara tana farawa ne ranar 25 ga Maris, ta yadda Fabrairun da aka rubuta 1740 a lissafinmu na 1741 ne. An umarci a fara rajista tun 1538, amma gundumomi kaɗan ne littafinsu ya kai can, kuma yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640 ya bar giɓi kusan ko'ina.

A yanzu ga abin da za ka yi. Rubuta wa matar cikin ladabi ka gaya mata gaskiya, cewa mun sami mutum biyu kuma muna aikin rarrabe su, sannan ka roƙe ta hoton duk abin da ke hannunsu: takardar aure, da ta mutuwa, da tsofaffin wasiƙu, da shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gidan idan akwai, da sunayen 'ya'yan mutumin bi da bi, domin sau da yawa ɗan fari sunan kakansa yake ɗauka. Ka ware wa kowane yaro takardarsa, ka rubuta kowane bayani da littafin da ka samo shi da lambar shafi, har da littattafan da ka duba ba ka sami kome ba. Ranar Talata ka zo mini da takardun biyu da hoton shafin jana'iza, mu duba tare.