Yadda za ki rage ɗacin hulba

'Yar'uwa, kin tambayi yadda ake rage ɗacin hulba, da ko tana ƙara ruwan nono.

Ki jiƙa ta ta kwana, da safe ki zubar da ruwan. Ko ki soya ta sama-sama a busasshen kasko da wuta kaɗan, domin in ta ƙone ɗacin ninkuwa yake yi. Ni rabin ƙaramin cokali na garinta nake zubawa a kunun gyaɗa.

A Sudan masu jego ake dama wa ita da madara, kuma mata da yawa na ganin nono ya ƙaru. Ƙamshinta zai fito a gumi, kada ki tsorata.

Mai ciki dai ta guji yawan shan ta. Mai shan maganin suga kuma ya fara tuntuɓar likita, domin tana sauke suga.