Amsar Kawu a Kan Bindigar Bauna

Ɗana, saƙonka ya iso ni ranar Laraba bayan la'asar. Ƙanwarka ce ta karanta mini, don idon ya fara gardama da ƙananan rubutun waya, ita ce kuma ke danna wannan amsar ina faɗa mata. In ka ga magana ta yi tsawo, laifin tsufa ne, ba nata ba.

Na gane abu biyu ke cin ka. Kakar farauta biyu ke nan kana sansanin farautar nan na bakin kogin Faro a arewacin Kamaru, amma tsofaffin masu bin sawu ba su bar ka ka taɓa bindiga ba, sai jarkar ruwa da sandunan da baƙon da ya zo farauta ke ɗora bindiga a kai, kana tambaya ko al'ada ce ta gaske ko kuwa ƙyashi ne. Sannan jagoranku ya ce bana zai fara koya maka harbi, ka zaɓa tsakanin bindigogi biyu, .375 da .458, da ke ma'ajiyar sansani, abokanka kuma suna zuga ka wai namiji babbar yake ɗauka.

Ba ƙyashi ba ne. Ni shekara uku na yi ina ɗaukar ruwa a dajin Binuwai kafin a miƙo mini bindiga, ita ma ba harsashi a ciki, ɗauka kawai nake yi wa mai ita. Al'adar kuma ta girmi sansanonin Turawa. Kakanka, mahaifinmu ni da mahaifiyarka, maharbi ne na baka da adaka, kuma a wurinsu yaro ba ya fara da makami, da ƙafa yake farawa. Sai ya iya bambanta kashin bauna na jiya da na yau da safe, ya iya karkaɗa tsumman toka ya ga inda iska ta nufa, ya san in carki ya tashi sama da ƙara to garke ya riga ya san da zuwanku. Sarkin baka ba ya yarda a ba yaro kwari sai ya ga yadda yake tsayawa in dabba ta juyo. Ana son a ga ko ƙafarka tana cin amanarka tun hannunka ba komai, domin wanda ya ruga da jarka ruwa kawai ya zubar, wanda ya ruga da bindiga mai harsashi kuwa bayan ɗan'uwansa ne a gabansa.

Akwai kuma abin da tsofaffin suke kira ƙwari. Suna cewa manyan namun daji irin su gwanki da bauna da giwa suna da shi, wanda ya kashe su ba shiri zai iya taɓuwa, shi ya sa ake wanka da saiwoyi da turare. Ni na bar wannan tun da na ƙara karatu, bisimilla nake yi in zan harba, in na tarar da rai a jikin dabba in yanka. Amma na daɗe da lura cewa tsoron ƙwarin nan ya hana yara da yawa ɗana kunama a kan abin da ya fi ƙarfinsu. Ba a banza ake yi wa gwanki kirari da sha bara ba.

Zancen bindiga kuwa, ɗauki .375 ɗin. Na faɗa maka tun yanzu don kada ka yi ta jira, dalilan na tafe.

Lambar nan da kake gani faɗin harsashi ne a ma'aunin inci. Na .375 milimita 9.5 ne, na .458 kuwa wajen 11.6. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da .375 a 1912, harsashinta mai nauyi giram 19 ne da ɗan ɗori, yana fita da gudun mita 770 ko kusa da haka a daƙiƙa. Sama da shekara ɗari ke nan ba a ture ta ba. A Tanzaniya doka ba ta yarda a fuskanci bauna ko giwa da abin da ya gaza ta ba, ƙasashe da dama ma a nan suka ja layi. To abokanka sai su ce ai ita ce ƙaramar cikin manya. Haka ne. Sai dai baunarmu ta nan, wadda wasu ma jaja-jaja suke, ba ta kai ta kudancin Afirka jiki ba, kuma da bindigar nan guda za ka harbi bauna a taki hamsin, gobe ka harbi gwanki ko kanki a taki ɗari biyu, harsashi bai sunkuya sosai ba. Harsashinta kuma ba ya wuyar samu, duk baƙon da ya zo kusan da shi yake zuwa.

Ita .458 ɗin Winchester ce ta Amurka, ta 1956, tana jefa dalma mai giram 32. Aikinta daban ne. Bindigar jagora ce, wadda ake tsayar da dabba da ita in ta taso muku a taki goma, lokacin da ba a neman kyan harbi sai dai a karya ƙashi a tura ta ƙasa. Ita da su .416 Rigby ta 1911 da .470 mai baki biyu duk 'yan gida ɗaya ne a wannan aiki. Ko .458 ɗin ma ta taɓa ba mutane kunya a farkon fitowarta, don albarushin da aka danƙara a kwansonta yakan dunƙule in ya sha zafi ya daɗe a ajiye, harsashi ya fita ba ƙarfi. Wani Ba'amurke, Jack Lott, bauna ta tattaka shi a Mozambik a 1959 yana riƙe da ita, daga baya ya tsawaita kwanson ya yi tasa da ake kira .458 Lott. Wannan don ka san girman baki bai taɓa zama laya ba.

Abin da ba sa faɗa maka shi ne shuri. Kowace bindiga tana dukan mai ita gwargwadon abin da ta tura gaba. Shurin .375 ya kusa ninka na bindigar barewa irin .30-06, amma turi ne, kafaɗa tana iya sabawa da shi. Na .458 naushi ne. Ranar da na fara harba ta, a bayan sansani muka jingina kwali a jikin suri. Ban matse gindinta a kafaɗa da kyau ba, na kuma kai ido kusa da madubin saiti. Ban ji ƙarar ba ma, sai na ji ɗumi yana gangaro mini a hanci, bakin madubin ya tsaga mini gira. Tabon nan da kuke tambaya kuna yara, shi ne, ba damisa ba ce kamar yadda na riƙa gaya muku. Ciwon ya warke a mako biyu, amma abin da ya shiga jikina ya fi wata shida bai fita ba: da na ɗora yatsa a kunama sai ido ya rufe da kansa, kafaɗa ta zabura kafin harsashi ya fita. Jagoranmu na lokacin ya gane. Sai ya riƙa ɗura mini bindiga a ɓoye, wani lokaci da harsashi wani lokaci wayam. Ranar da na ja kunama a kan wayam, bakin bindiga ya duƙa ƙasa kamar mai gaisuwa, kowa ya gani, ni ma na gani. Da ƙaramar .22 ya sake gina ni daga tushe.

Wannan zaburar ita ke raunata dabba, kuma a nan al'adarmu ta fi tsanani. A wurin su kakanka, dabbar da ka zubar wa jini bashi ce a wuyanka. Ba ka komawa gida ka ce ta tsere. Za ka bi ta, in dare ya yi ka kwana a kan sawu, don baunar da ke ɗauke da rauni in ba ta same ka ba za ta sami mai kiwo ko matar da ta fito itace. Sansanonin yanzu ma haka dokarsu take, in jini ya zuba an lissafa wa baƙo dabbar, ya biya ko an same ta ko ba a samu ba.

Na ga ranar biyan irin wannan bashi. Wani baƙo ya zo mana da sabuwar babbar bindiga, ƙyallinta kamar madubin amarya, ashe bai harba ta ya kai sau goma ba. Bijimin bauna ya tsaya masa a gicciye, taki sittin, wuri fili. Inda ake so shi ne ka bi ƙafar gaba ka hau kashi ɗaya cikin uku na ƙirji, nan zuciya da huhu suke. Shi kuwa ya zabura, harsashi ya shiga tumbi. Muka duba jinin, ba ja mai kumfa ba ne irin na huhu, baƙi-baƙi ne haɗe da ɗanyar ciyawa. Babban mai bin sawunmu bai ce uffan ba, ya zauna a gindin wata taura ya ɓare goro, muka jira rabin sa'a kamar yadda aka saba. Ba mu ji kukan nan mai tsawo da bauna ke yi in za ta mutu ba. Muka shiga gamba wadda ta fi mu tsayi, ana taki ɗaya ana tsayawa. Bauna, saniyar sake, ba guduwa kawai take yi ba, takan yi kwana ta dawo ta laɓe a gefen sawunta. Haka bijimin nan ya yi mana. Ta hagu ya fito, hanci a sama, ban ga komai ba sai ƙaho da ciyawa tana rabewa. Jagora ya sa masa biyu, na biyun ne ya karya wuya, amma kafin nan ya riga ya ɗebi ɗaya daga cikinmu ya watsar. Mutumin ya rayu, da ɗingishi ya ƙare aikinsa. Baƙon ya zauna yana kuka, ya ba da kuɗi masu yawa, ƙugu dai bai koma daidai ba.

Za ka ji ana ba da labarin wani Bature ɗan Sikotilan da ake kira Karamojo Bell, wanda ya kashe giwa sama da dubu, yawancinsu da 'yar siririyar bindiga mai milimita 7. Gaskiya ne, amma kada ka ɗauke shi abin koyi. Shi ya tsaga kawunan giwaye ya san inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska. Kakanninmu ma ai da sango suke kashe ta, mashi mai dafin kwankwani da ake cusa wa adaka, mutum ya raɓo har sai ya ji kukan cikinta. Irin wannan kisan na hauren ne ya rage ta, ka kuma san abin da mahaya dawakai suka yi wa giwayen gandun dajin Buba Njida na Kamaru a 2012, ɗaruruwa cikin 'yan makonni. Ni dai ban ƙara sha'awar ganin giwa a ƙasa ba.

In an miƙo maka .375 ɗin, ga abin da za ka duba. Ka rufe ido ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka buɗe, in saiti bai zo daidai idonka ba gindinta bai dace da tsawon hannunka ba, a gyara. Kada ka guji mai nauyi, kilo huɗu da rabi shi ke shanye rabin dukan, mara nauyi daɗin ɗauka gare ta kawai. Ka cika ta ka ja sakata da ƙarfi da sauri har harsasan su ƙare, ka ga ko akwai wanda ya maƙale. Masu ƙirar Mauser da ke cafke kwanso tun daga ƙasa, irin su Brno ɗin nan na ƙasar Cek da suka cika sansanoni, sun fi jure ƙurar hunturu. Ka koyi bambancin harsashi mai taushin kai da ke buɗewa a cikin nama, da mai tauri da ke ratsa ƙashi. A kan bauna mai taushi ake sawa a sama don harbin fari, masu tauri a ƙasa don abin da zai biyo baya. Kuma kada ka harba fiye da biyar ko shida a zama ɗaya, a tsaye, a kan sandunan nan da ka raina ɗauka.

Bindigar ta sansani ce, takardunta da sunansu suke. Ko da wasa kada wani ya roƙe ka ka fito masa da harsashi ko guda, balle a ce a tsallaka da shi wajen Yola. Iyaka tana kusa da ku, masu neman irin wannan kaya kuma ba bauna suke nufi ba.

Ka gaishe mini da tsohon da ya hana ka bindiga. Ka kai masa goro kafin ranar harbinka na fari, ka roƙe shi ya tsaya a bayanka ya kalli kafaɗarka. Mahaifiyarka ta ce takalmin da ta aika maka ta hannun direban Poli ko ya iso, ba ka ce mata komai ba.