Amsa ga mai tambayar kwalliyar Kirsimeti ba tare da sayen bishiyar roba ba

Salama 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, cewa kina da yara uku, gidan haya kike, kin taya bishiyar roba a kasuwa kuɗinta ya kore ki, kina neman abin da za ki haɗa da hannunki falo ya yi kyau. A Bukuru nake, kuma na fi shekara goma ina cikin masu yi wa majami'armu ado a Zumuntar Mata, don haka bari in faɗa miki abin da na gwada.

Ki fara da karan dawa. Yanzu aka gama girbi, duk wanda kika sani da gona zai ba ki dami kyauta. Ki zaɓi sille, wato siririn saman karan nan mai santsi. Ki yanka guda biyar tsawonsu ɗaya, kamar taƙi ɗaya da rabi, ki jera su a ƙasa su harɗe kamar tauraron da yara ke zanawa a littafi, sai ki ɗaure bakuna biyar ɗin da zaren ɗinki mai ƙarfi. Inda suka gitta juna a tsakiya ma ki ɗan ɗaure, in ba haka ba yana kwana biyu zai karkace. Na farko zai fito a murguɗe, kada ki damu, na uku hannunki ya faɗa. Wasu suna naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ni dai na fi son launin karan yadda yake, sai jan zare a bakunan.

Amma abin da na fi ba ki shawara a kai shi ne komin dabbobi. Bishiyar nan al'adar Jamus ce ta bazu a duniya, ba laifi ba ce, sai dai ba ta ba yaro labarin komai. Komi kuwa shi ne abin da Linjilar Luka sura 2 ta faɗa, wurin da aka kwantar da jariri Yesu bayan haihuwarsa. Maƙwabciyata 'yar Katolika ce ta koya mini, ita ce ma ta gaya mini tun 1223 wani waliyyinsu, Faransis na Asisi, ya fara haɗa shi a wani ƙauye a Italiya, da sa da jaki masu rai. Namu na kara ne. Ki samu faifai ko murfin kwali ki zuba yashi. Ki fere ɓawon kara siri-siri, ki riƙa soka shi cikin totuwa kina haɗa ginshiƙai da rufi, daidai yadda yaran ƙauye ke ƙera motar kara. In akwai namiji ɗan shekara tara ko goma a gidan, ki bar masa wannan, ya fi ki iyawa. A ɗora busasshiyar ciyawa a sama, a baza 'yar harawa a ciki.

Mutane da dabbobin da yumɓu ake yi. Nan ne na sha kashi shekarar farko: na shanya su a rana, iskar hunturu ta bi ta kansu, da yamma raƙumi ya rabu biyu, Yusufu mijin Maryamu ba kai. A inuwa ake shanyawa, a rufa da tsumma mai ɗan danshi daren farko, a ba su kwana uku ko huɗu. Ƙafafun tumaki ki sa tsinken tsintsiya a ciki, bayan sun bushe ki manna musu auduga. Kuma ki bar yaran su yi abinsu ko da tunkiya ta fi makiyayi girma. Autata ta taɓa ƙera kaza ta ce dole sai an sa ta kusa da jariri, har yau tana cikin kwalinmu.

In yara sun nace sai bishiya, ki nemo busasshen reshe mai rassa da yawa, ki shafe shi da farar ƙasa, ki kafa a tsohon gwangwanin fenti da tsakuwa, ki lulluɓe gwangwanin da ƙyallen atamfa. Abin ratayawa: ƙananan taurarin kara, ƙwallon goruba, marafan kwalba da aka naɗe da ledar biskit mai walƙiya, da lemon zaƙi da aka yanka fale-fale aka shanya a faranti, a rufa da raga saboda ƙura. Kada ki bari a yanko ƙyarana daga shinge don ganin tana kore, farin ruwanta in ya shiga idon yaro asibiti za ku kwana. Audugar da ake barbaɗawa a ce ƙanƙara ce kuwa, kwana biyu ƙura ta mayar da ita ja, ki bar wa tumaki kawai.

Sarƙar takarda kowa ya santa, tsohuwar kalanda ta isa, faɗin yatsa biyu. Gam kuma ki dama sitaci ko fulawa da ruwan zafi ya yi kaurin koko. Ki shafa kaɗan, don kyankyaso da ɓera suna sonsa. Tunda haya kike, kada ki manna salatef a bango. Bushewar iska tana ɓamɓare shi cikin dare, inda ya kama kuma sai ya taho da fentin mai gida. Ki ja igiya daga sandar labule zuwa ƙusar agogo ki rataya komai a kai. Kada kuma ki yi gaggawar ratayawa, ki bari sai wajen 20 ga Disamba, su kai ki har 6 ga Janairu ba su yi dauɗa ba.

Saura magana ɗaya, wuta. Duk abin da na lissafa miki makamashi ne. Wata shekara a daren 24 aka ɗauke wuta, babban ɗana ya kunna kyandir ya kafa a cikin komin don jariri ya samu haske. Ina madafa ina soya nama na ji ihu. Kafin in iso rufin ciyawa ya tafi, labule ya kama har rabi, Allah ya sa akwai bokitin ruwa a bakin ƙofa. Tun daga nan ko ashana ba ta kusantar wurin. Ki sayi 'yan fitilun nan masu batir, ba sa zafi, ko ki kifa ƙaramar tocila a bayan komin. Masu jona wa soket in wayarsu ta ɗan salɓe a jefar, kuma a cire su kafin a kwanta. Yara masu harba nokawut ma ki ce su yi can waje, nesa da taga.

In kin yi tauraron ya ƙi tsayawa, ki ɗauki hotonsa ki turo, in duba inda ɗaurin ya kuskure. A gaida yaran.