Jim Reeves ya mutu tun 1964, waƙoƙinsa sun zama na kowa ke nan?

Tambaya: Malam, ina gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi a wani gidan rediyon FM a Kaduna. Zan yi shiri kan rayuwar mawaƙin Amurka Jim Reeves in ɗora a YouTube. An ce min tunda ya daɗe da mutuwa ba mai tuhuma ta, amma ina tsoron a rufe min tasha.

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, ɗan'uwa. Tarihin dai ba wuya. An haife shi a Texas a 1923, rauni a ƙafa ya raba shi da wasan ƙwallon baseball, ya koma sanarwa a rediyo. A gidan rediyon KWKH na birnin Shreveport ya riƙa gabatar da mawaƙa a shirin Louisiana Hayride kafin waƙarsa ta karɓu a 1953. Ya shiga kamfanin faifai na RCA a 1955, ya mutu ranar 31 ga Yuli 1964 a ƙaramin jirgin da yake tuƙawa da kansa, kusa da Nashville. Ka tsaya sosai kan shekarunsa na rediyo.

Maganar "ya mutu, ta zama ta kowa" kuwa, kullum sai na ji ta, kuma mafi yawa daga bakin masu kiran kansu masana a WhatsApp. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai na wanda ya rubuta baiti da kiɗa, akwai na kamfanin da ya naɗi sauti. Mutuwar mai rerawa ba ta taɓa ko ɗaya. Da yawa daga manyan waƙoƙin Reeves ma wasu suka rubuta. "Distant Drums", wadda ta zo ta ɗaya a Ingila a 1966 yana kabari, rubutun Cindy Walker ce, ita kuwa a 2006 ta mutu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba marubuci tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70. Yi lissafin da kanka.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne sautin da aka naɗa, wanda kariyarsa shekara 50 ce a nan Najeriya. Sai ka ji an ce ai faifan ya wuce hamsin. To YouTube ba a Kaduna kaɗai ake kallonsa ba. A Amurka, sautin da aka fitar daga 1957 zuwa farkon 1972 yana da kariya har 2067, kuma taskar RCA tana hannun Sony. Su ba sa barci.

Haka zancen "daƙiƙa talatin halas ne", ko rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasan bidiyo. Babu dokar da ta faɗi haka. Na biyun ma shaida ce ka bayar a kan kanka. Manhajar YouTube mai suna Content ID tana gane sautin, kuɗin talla ya tafi ga mai haƙƙi ko a toshe bidiyon. In kuma aka kai ƙorafin cirewa har gargaɗi uku suka taru cikin kwana 90, tashar ta tafi.

Saboda haka ka fara tambayar shugaban shirye-shiryenku ko gidan yana da lasisin MCSN, wato ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin waƙa a Najeriya, ka ga takardar da idonka. Lasisin watsawa a iska bai zama lallai ya haɗa da intanet ba. Ka yanke kwafi biyu, na rediyo da waƙoƙinsa, na YouTube kuma muryarka da hira kawai, ka saka adireshin waƙoƙin na hukuma a ƙasa.