Tambayi Anti: Zango ɗaya a Jamus zai sa in maimaita aji?

Tambaya: Anti, ina aji uku a jami'a nan Jos. Sunana ya fito cikin waɗanda za su je Jamus zango ɗaya a shirin musayar ɗalibai na Erasmus+. Da ƙyar Baba ya amince, da sharaɗin kada tafiyar ta sa in maimaita aji. Ni kuwa sanyi da abinci da sallah ne ke hana ni barci. Daga ƙanwarki, Unguwar Rogo.

Amsa: Barka da arziki, ƙanwata. Amma fa maganar Baba ita ce magana, sauran duk masu sauƙi ne.

A shirin nan akwai takardar yarjejeniyar karatu da ɓangare uku ke sa wa hannu: ke, jami'arki, da jami'ar da za ta karɓe ki. A ciki ake rubuta kwasa-kwasan da za ki ɗauka can, da na gida da za su maye gurbinsu. Su can da makin ECTS, ma'aunin nauyin kwas na Turai, suke lissafi, 30 a cikakken zango, 60 a shekara, mu kuwa da yunit. Don haka ki zauna da shugaban sashenku da jami'in jarrabawa, a bi kwas ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ce miki "je ki, in kin dawo za a duba", kada ki yarda. Kujerar shugaban sashe ba ta gado ba ce, wanda za ki tarar kuma takarda kawai ya sani.

Ki duba kalanda ma. Laccocin zangon hunturu a Jamus kan fara tsakiyar Oktoba su ƙare a Fabrairu, jarrabawa ta biyo baya. Namu kuwa, yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya nuna mana yadda kalanda ke zamewa. Ki tabbatar jarrabawar gida ba za ta faɗo kina can ba.

Wani abu da ya ba ni mamaki lokacin da na yi nawa zangon: shiga aji daban, rajistar jarrabawa daban. Ke za ki yi wa kanki ta intanet kafin a rufe, babu wakilin aji da zai bi ki da tuni. Kuma sau da yawa jarrabawa ɗaya ce a ƙarshe, babu gwajin tsakiyar zango da zai tallafe ki.

Biza: zaman da ya wuce kwana 90 ba da ta ziyara ake yinsa ba, ta dogon zama za ki nema, kuma da wuri. Da kin kama ɗaki, cikin mako biyu ki yi rajistar adireshinki a ofishin gari.

Sanyi kuwa, ku 'yan Jos kuna da tinƙaho, amma na can har ƙasa da sifiri yake sauka. Duk da haka riga mai kauri tana maganinsa. Duhu ne ya fi taɓa zuciya. A Disamba wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi, sai ki ga Azahar da La'asar da Magariba sun jeru cikin kamar awa huɗu, duk a tsakiyar lacca. Ƙaramar darduma a jaka, safa a ƙafa da alwala tun daga ɗaki. Ɗaliban Turkiyya da Larabawa za su nuna miki inda suke sallah.

Nama na halal yana shagunan Turkawa. A kantin abincin jami'a, wanda suke kira Mensa, ba a rasa abinci marar nama, kalmar Schwein dai ki haddace ta, alade ke nan. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, cefanenki ya zama Asabar.

Ki biya kasuwar Taminus ki ƙullo yaji da kuka. Daddawa ki daka ta ki rufe a kwalba, don kicin ɗin na tarayya ne. Kilishi da dambun nama kuwa, ko Mama ta matsa, ki bar su gida: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara, a filin jirgi za a ƙwace.