Shin Tsufa Ne Ke Sa Haƙoran Mahaifiyata Girgiɗi?

'Yar'uwa, kin ce mahaifiyarki ta haura shekara 70, haƙoranta suna girgiɗi, dasashinta kuma yana jini idan ta yi asuwaki, kina tambaya ko tsufa ne kawai. Allah ya ƙara mata lafiya.

Tsufa shi kaɗai ba ya zubar da haƙori. Abin da ya fi jawo hakan shi ne ciwon dasashi, wato dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori ta ƙafe ta yi tauri, sannu a hankali ƙwayoyin cuta su cinye ƙashin da ke riƙe da shi. Asuwaki da buroshi ba sa cire wannan ƙafaffiyar dauɗa, sai likitan haƙori ya kankare ta, don haka a ganina ki fara da kai ta asibiti, kuma a auna mata suga, domin ciwon suga yana tsananta ciwon dasashi.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: wasu magungunan hawan jini suna busar da baki, alhali yawu ne ke wanke haƙora. Kada ta daina shan maganin, amma ta riƙa kurɓar ruwa akai-akai, a kuma rage mata sukari a shayi da koko.

Ta riƙa goge baki sau 2 a rana da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin barci. Idan gyambo ya fito a bakinta ya wuce mako 2 bai warke ba, a gaggauta nuna wa likita.